Zanen Yatsun Yaya

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma tarin nan da na ji a muryarka ya sake ka. Mu nan alhamdu lillahi. Umma jiki da sauƙi, irin sauƙin da ka sani. Ɓarin dama yana nan a shanye, magana ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, amma ido na nan tar, ba abin da ke wuce ta. Jiya ina yanka wuyan wata riga a kan teburinta sai na ji tsaki daga gado. Na duba, ashe na karkace. Ka ji Umma fa.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya kullum kamar ana korar ka. Kafin in ce "to amma" ka riga ka ce "sai anjima."

Maganar katin nan da ka kawo, na juya ta na juya. Gaskiyarka ne, ɗinki ya kusa gagara ta. Ba a zama a kan keke ana jinya. Abin da ke riƙe da mu yanzu shi ne takardun yankan Umma, waɗanda ke rataye a ƙusoshi bayan ƙofa tun muna yara. Ina kwafe su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar da ka bar min, mata suna saya su buga a takarda su yanka rigunansu a gida. Na waje ma suna ta tambaya, sai dai hanyar biyan tasu ba ta san da ƙasarmu ba, haka nake kallo suna wucewa.

To amma ka fahimtar da ni kamar kana yi wa Gwaggo bayani. Wai ƙasar da ban taɓa takawa ba za ta ba ni kati, in buɗe kamfani a can alhali ina zaune a gefen gadon Umma? In sa hannu a takardunsu daga ɗakin nan? Haraji fa, wa zan biya? In na yi kuskure wa zai ja min kunne? Ni fa ban son abin da zai raba ni da gidan nan ko na yini ɗaya.

Kuma kai, wace ƙasa ce za ta gane ni? Wayar da ka aiko min ma ta daina. In na ɗora mata babban yatsa sai ta yi ta karkarwa kamar ta ga baƙuwa, dole sai na buga lamba. Abin da ke kwana a aljihuna ke nan.

Umma tana gaishe ka. Ba da baki ba, amma da na ambaci sunanka ta juya ta kalli ƙofa.

Yayarka.

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Tari ya tafi, sanyin ofis ne kawai, kin san ɗakin kwamfutoci sai an sanyaya shi kamar firji. A shafa min kan Umma, a ce mata autanta ya yi ƙiba.

Na yi dariya da maganar waya. Goge gilashin, Yaya, man girki ne.

Ga bayani. Katin ba biza ba ne, ba zai ba ki damar shiga ƙasar ba, balle zama. Shaida ce kawai cewa sun san ke ce ke. Da shi za ki buɗe kamfani a can, ki sa hannu ta kwamfuta, masu saye su biya ki ba tare da wahala ba. Akwai akanta da za mu ɗauka a can, shi zai riƙa gaya miki abin da ya kamata a miƙa da lokacin miƙa shi, harajin gida kuma za mu tambayi wanda ya sani. Ba kowa abin ya dace da shi ba. Mai shagon da ke jiran mutane su shigo, ina ruwansa da shi? Amma ke kayanki ba sa hawa mota, ta waya suke tafiya. Wallahi kamar don ke aka yi shi. Kina gida, kina tare da Umma, duniya na zuwa wajenki.

Na riga na cike miki komai da hoton da kika aiko, kuma sun amince. Abu ɗaya ya rage, shi ne dole. Sai kin je da kanki ofishin jakadancinsu kin karɓa, don za su ɗauki zanen yatsunki. Babu ofishin a ƙasarmu, sai maƙwabta. Tafiya ce mai ɗan nisa, na sani, amma sau ɗaya ce tak. Ki roƙi Gwaggo ta zauna da Umma, nas ɗin nan ta gidan gaba ta riƙa leƙowa.

Ni ma nan jiran ofis nake yi, takardar zamana ana sabuntawa, fasfo ɗina ma yana hannunsu. Duk mun zama 'yan layi.

Ki daure ki je. Ki bar sauran a hannuna.

Autanku.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Umma jikin ya ɗan motsa, zan zo kan wannan.

Na je. Na ce bari in rubuto maka yadda aka yi, don da ka kira ban iya magana ba, shi ya sa na ce maka layi ne ba kyau.

Ofishin a saman wani bene yake, ɗaki ne ƙarami mai kujeru a manne da juna. Wata mata ce a bayan gilashi, mai tabarau da sarƙa a wuya, mai kirki ƙwarai. Ta ciro ambulan ɗin, na gan shi da idona, har ta karkato shi na hango hotona a jikin katin. Sai ta turo min wata 'yar na'ura mai koren haske ta ce in ɗora yatsa.

Na ɗora. Shiru. Ta ce in danna sosai. Na danna. Ta ce in sassauta. Ta ce in hura masa iska, in goga shi a goshina ya ɗan sami maiƙo. Muka bi yatsun nan kaf, dama da hagu, na'urar nan ko gezau. A allon kwamfutarta ba abin da ke fitowa sai wani baƙin tabo, kamar an dangwala ɗanyen ƙullu. Mutane a bayana sun fara gyaran murya, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai matar ta ce in miƙo hannuna ta ƙasan gilashin. Ta riƙe, ta juya shi, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baiwar Allah, wane aiki kike yi?" Na ce ɗinki. Ta ce, "Ɗinki ba ya yin haka." Na ce ina wanki. Ta ce, "Na mutum nawa?" Na ce na mutum ɗaya.

Auta, sai a ranar na kalli hannuwana. Sumul suke kamar bayan cokali. Zanin gadon Umma sai an jiƙa shi a bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, kafin a wanke, kuma ba sau ɗaya ba a yini. Ga maganin goge jiki, ga ruwan zafi. Ashe duk sun cinye zanen ban sani ba. Wayar nan gaskiya take gaya min tuntuni.

Matar ta ce zanen yana dawowa, amma sai hannun ya huta kamar wata guda ko fiye, a raba shi da bilic da sabulu. Ta ce za su ajiye min katin har ƙarshen shekara. Ta mayar da ambulan ɗin cikin durowa ta rufe. A mota na yi kukana har na gode Allah.

Na dawo na tarar Umma ta ƙi cin abinci daga hannun Gwaggo, sai ruwa. Gwaggo kuma bayanta ba ya barin ta juya mutum, har wani wuri ya yi ja a ƙugun Umma. Nas ta ce mu sa ido kada ya buɗe.

To ka ji. Hannuwan nan suna neman wanda zai karɓe su na ɗan lokaci. Ɗakinka yana nan, na kwashe tarkacen da ke ciki, na share shi.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Umma sauƙi, a kula da wurin nan don Allah.

Wallahi raina ya ɓaci da na karanta. Duk wahalar tafiyar nan a banza! Amma kada ki damu, abu ne mai magani, kuma na riga na yi maganinsa. Na sayi injin wanki ta intanet, za a kawo har gida a haɗa. Mai zafafa ruwa ne da kansa, ba ruwanki da bilic. Tunda kin share ɗakina ai shi ke nan, a can za a sa shi, yana kusa da famfo. Akwai kuma kwalin safar hannu irin ta asibiti, da wani man shafawa da abokin aikina ya ce matarsa ta yaba. Ki riƙa sa safar duk lokacin da za ki taɓa Umma, kafin wata guda za ki ga yatsun sun dawo.

In ma kin ga abin zai ja lokaci, ga wata dabara. Ofishin jakadancin nasu yana nan kusa da wajen aikina. Sai in nemi katin da sunana, in buɗe kamfanin, ke ki riƙa zane ina sa hannu daga nan. Kin ga ba sai kin sake barin gida ba. Ai duk ɗaya ne, ni da ke.

Ki gaya min wanda kika zaɓa.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Lafiyarka nake fata. Umma ba sauƙi. Wurin ya buɗe.

Injinka ya iso. Yana nan a ɗakinka, inda gadonka yake a da, tunda haka ka ce. Na tsaya ina kallon masu haɗa shi suna jingine gadon a bango. Sun tafi na zauna a ƙasa ina kallon farin akwatin nan. Na share ɗaki don ɗan'uwana, aka kawo min inji.

Haba Auta! Kai da ka yi karatu har ka ƙetare teku, wannan 'yar maganar ce ta gagare ka? Ko kuwa ka gane ka yi kamar ba ka gane ba? To laifina ne da na yi maka kara. Bari in faɗa ƙiri-ƙiri. Ka zo. Kai nake nema. Ka zo ka ɗaga uwarka, ka juya ta, ka riƙe mata kai in tana shan ruwa. Wata ɗaya kawai nake roƙo, kuma ba don katin ba, katin ya ci kansa. Na gaji ne. Ita kuma ƙofar nan take kallo.

Safar hannunka na gwada, kada ka ce ban gwada ba. Na sa na zo goge mata jiki da safe. Tana jin robar a fatarta ta ɗago ta kalli hannuna, ta kalle ni. Ka san watanni ke nan ba ta haɗa magana ba. Sai ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Ƙyama?" Ta juya fuska bango, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Matar da ta wanke mu da hannunta, ni da kai. Na cire safar nan na jefa a shara, na sa tafin hannuna a kumatunta har ta yi barci. Ba zan ƙara sawa ba ko da yatsun za su guntule.

Inji yana wanke zani, na gode. Ba ya wanke mutum.

Maganar ka buɗe kamfanin da sunanka kuwa, a'a. Takardun nan Umma ce ta yanka su da almakashinta, ni nake kwafe su a gefen gadonta tana yi min tsaki in na karkace. Ba duk ɗaya ba ne, ni da kai. Ka ce katin nan don ni aka yi shi, ni kuwa gani nake don kai aka yi. Sunanka yana gidan nan, ɗakinka yana nan, kana aiko da umarni da kaya, ƙafarka ce kawai ba ta shigowa. Ka daɗe da zama irin wannan mazaunin na suna kawai a gidan uwarka.

In na yi zafi ka yafe min. Amma ka zo.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Umma, ya sa ta huta, ya saka miki da abin da ni ba zan iya saka miki ba. Kin tambaye ni a waya ko ina cin abinci. Ina ci. Ke fa, wa ke tambayar ki?

Wasiƙarki ta ƙarshe ban amsa ba, na sani. Na yi ta kiran ki ina tambayar magani da nas da injin wanki, ina kashe wayar kafin ki kawo maganar. Amsa ɗaya ce gare ni, kuma na kasa furta ta. Fasfo ɗina yana ofishin da ke sabunta takardar zamana. Na faɗa miki a wasiƙar farko, amma da wasa na faɗa, a ƙarshen takarda, yadda ba za ki tsaya a kai ba. Na je na roƙe su. Mutumin ya ce zan iya karɓar fasfona in tafi, amma in na fita an rufe maganata, ba dawowa, aikin ma ya tafi. Na tsaya a gaban tagarsa har ya ce in matsa wa na baya. Na matsa, Yaya. Na ce a raina Umma ta daɗe a haka, za ta ƙara 'yan makonni.

Maganar ɗakin kuwa, na gane. Tun karatun farko na gane. Na sayi injin ne don in samu abin da zan amsa miki da shi.

Takardar ta fito bayan an binne ta da 'yan kwanaki. Tana nan a kan tebur, da hotona ina murmushi. Sun ɗauki yatsuna tsaf, ba wanda ya ƙi fitowa.

Ki manta da zancen katin nan, ni na jawo miki shi, ni na sa kika bar ta kika yi tafiyar da ta jawo ciwon ƙugun. Yanzu ina iya zuwa, amma ban san ko kina son ganin fuskata ba. Ki gaya min. Abin da kika ce shi zan yi.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai godiya. Ina lafiya, lafiyar ma har ta yi min yawa. Gwaggo ta koma gidanta, nas tana leƙowa da yamma mu ɗan zauna.

Na daɗe ban amsa ba. Ba fushi ba ne kaɗai, ko da yake akwai shi. Na koma na karanta wasiƙarka ta farko, na ga maganar fasfon a inda ka ce. Ni ma ban tsaya a kanta ba, don ban so ta zama gaskiya. Ciwon ƙugu kuma kada ka ɗora wa kanka, likita ya ce zuciyarta ce ta gaji. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne har ranar ƙarshe tana kallon ƙofa. Ka tambaye ni gaskiya a waya, ga ta nan.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Wata safiya na tashi, na dafa shayi kofi biyu kamar kullum, na zubar da ɗaya. Na ɗauki waya don in duba lokaci, ban ma yi niyyar komai ba, babban yatsana ya sauka a wurin nan. Sai ta buɗe. Haka kawai, ba karkarwa, ba neman lamba. Na kai yatsuna bakin taga na duba, ga zanen nan ya fito siri-siri, yana zagaye kamar ba abin da ya faru. Auta, ko ranar rasuwar ban yi kuka irin na safiyar nan ba. Na jefar da wayar a kan gado kamar ta cije ni.

Na so in bar katin ya lalace a durowarsu. Amma ƙarshen shekara ya matso, kuma kullum in na rufe ƙofa sai takardun Umma su yi ta kaɗawa a ƙusoshinsu. In ban fitar da su ba, asu ne zai gaje su. Sai na shirya na tafi. Wannan karon ban roƙi kowa ya zauna min da kowa ba. Na kulle gida na sa makulli a jaka.

Matar nan mai tabarau ta gane ni. Na ɗora yatsa, koren hasken ya amsa nan take. Ta yi murna da gaske, har da tafawa. Ta ce, "Kin ga abin da hutu ke yi! Wa ya karɓar miki wankin?" Na sunkuyar da kai ina kallon yatsuna. Ta kalle ni, ta kalli hannuna, sai ta cire tabarau ɗin. Ta turo min ambulan ɗin a hankali.

Tun farko ka ce abin nan ya dace da ni. Yanzu ya dace. Ina da lokacin karanta takardun akanta, ina da hannun da na'ura ke ganewa, ba mai yi min tsaki in na karkace. Zan buɗe kamfanin da sunana, in sa masa sunan Umma. Da za a ba ni zaɓi, wallahi da na mayar musu da katinsu in karɓi yatsuna sumul.

Batun ko ina son ganin fuskarka, kai ma dai da wata tambaya. Kai kaɗai ka rage min da za mu tuna tsakinta mu yi dariya. Na sa an fitar da injin zuwa bayan gida, na sauke gadonka daga jikin bango. Kada ka aiko min da komai, kada ka sayi komai ta intanet. Katifar Umma tana nan a ɗakinta yadda ta bar ta, tana bukatar a fitar da ita rana. Na gwada sau da yawa, ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Ka zo ka kama min ɗaya gefen.

Yayarka.